Daga Kabinda zuwa Kégué: shin don Togo ƙarama ce ake hukunta ta?



In kana shiga Hédzranawoé sarin gwanjo, ka san filin ƙwallo na Kégué ba nisa, kuma ofishin hukumar ƙwallon Togo yana nan gefensa. Shi ya sa gardamar ƙwallo a wannan unguwa ba ta mutuwa. Ana kwance dila ana yi, ana shan shayi ana yi. Kuma duk ranar da wani hukunci ya fito daga CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ko daga FIFA ta duniya, magana ɗaya za ka ji: "Ai don mu ƙanana ne. Da Masar ce ko Najeriya, wa zai taɓa su?" Wannan magana ce za mu ɗora a kan sikeli yau. Tana da tushe, tushenta kuwa yana wani wuri da ake kira Kabinda.

Kai da ka saba ƙetare iyaka za ka fi kowa gane Kabinda. Yanki ne na ƙasar Angola, amma bai haɗe da ita ba. Wani siririn yanki na Kongo Kinshasa ya ratsa tsakani har bakin teku, ta arewa kuma Kongo Barazabil ce. Ga man fetur jibge. Tun da Angola ta karɓi 'yanci daga Fotugal a 1975 akwai 'yan tawaye da ake kira FLEC waɗanda suka ce su ba 'yan Angola ba ne, ƙasarsu suke so. To a wannan wuri ne masu shirya gasar cin kofin Afirka ta 2010 suka ga ya dace a ajiye rukuni guda: Togo, Gana, Kodebuwa da Burkina Faso. Ka lura, duk maƙwabtan juna ne, duk ƙasashen da shanunmu da kayanmu ke ratsawa.

'Yan wasan Togo sun yi sansanin atisaye a Pointe-Noire ta Kongo Barazabil. Daga can zuwa Kabinda ba wata tafiya ba ce mai tsawo, sai suka hau mota. Ranar Juma'a 8 ga Janairu 2010, jim kaɗan da ƙetare iyaka, ga jami'an tsaron Angola na yi musu rakiya, aka buɗe musu wuta. 'Yan wasan sun ba da labarin yadda suka kwanta ƙarƙashin kujeru ana ta musayar harbi a kansu. An harbi direba. Mataimakin koci, Améleté Abalo, da jami'in hulɗa da 'yan jarida, Stanislas Ocloo, wanda shi ma ɗan jaridar wasanni ne, raunukansu suka yi ajalinsu. Ɗan baya Serge Akakpo ya sha harsashi. Mai tsaron gida Kodjovi Obilalé kuwa sai da aka ɗauke shi a jirgi zuwa asibiti a Afirka ta Kudu. Ya rayu, amma daga ranar ƙwallo ta ƙare masa. Wani ɓangare na FLEC ya fito ya ce shi ya yi, wai sojojin Angola ya nufa ba 'yan ƙwallo ba. Uzurin da bai ta da mamaci ba.

Abin da ya fara ɓata wa mutanen Lome rai shi ne maganar da ta fito daga bakin masu shirya gasar tun jini bai bushe ba: wai me ya sa Togo ta biyo ƙasa, alhali an ce a zo ta jirgi? Kamar a tare ɗan kasuwa a hanya a kwashe masa kaya, ya kai ƙara, a ce masa wa ya aike ka ka bi wannan hanyar. Ko da akwai gaskiya a ciki, ba ranar faɗarta ba ce. Kuma tambayar da ta fi ta ƙarfi ita ce, wa ya kai gasar yankin da ba a iya shiga ta mota?

Daga nan sai abu ya rikice. Da farko aka ji za a koma gida. Sai 'yan wasan suka zauna tsakaninsu, kyaftin ɗinsu Emmanuel Adebayor na ciki, suka ce za su buga don girmama waɗanda suka rasu. Gwamnati a Lome ta ce a'a. Firaminista Gilbert Houngbo ya ce su dawo, aka tura jirgi, aka sa kwana uku na zaman makoki. Ranar 10 ga wata, ranar da aka buɗe gasar da wasan nan da Angola ta ci Mali huɗu Mali ta farke su duka, 'yan Togo suna hanyar gida da gawarwaki. Togo ta nemi a bar ta ta koma bayan makoki, ba a yarda ba. Wasanta da Gana na ranar 11 bai yiwu ba, aka cire sunanta.

Da an tsaya nan, da ba mu zauna muna wannan hira ba. Amma ranar 30 ga Janairu, ana gobe wasan ƙarshe tsakanin Masar da Gana, CAF ta yanke hukunci: Togo ba za ta shiga gasa biyu masu zuwa ba, kuma za ta biya tarar dala 50,000, wato sama da sefa miliyan 20 a canjin lokacin. An kashe maka mutane, an nakasa maka ɗa, sannan a ce ka kawo tara.

Yanzu bari mu ji ta bakin alƙali, don ba a yanke shari'a da jin ɓangare ɗaya. Shugaban CAF a lokacin Issa Hayatou ne, Bafulatanin Garwa ta Kamaru, ɗan gidan sarauta, wanda ke kan kujerar tun 1988. Hujjarsa ita ce: dokar gasa ta ce ƙasar da ta janye dab da farawa ko ana cikin yi, za a dakatar da ita gasa biyu. Da 'yan wasa ne suka ce ba za su iya ba, da an yi musu uzuri. Amma su sun ce za su buga, gwamnati ce ta janye su, kuma hukumomin ƙwallo ba su yarda gwamnati ta sa musu hannu ba.

Kuma ba a kan Togo aka fara ba. Dattawan da ke cikinku za su tuna 1996. Najeriya ce ke riƙe da kofin da ta ci a Tunisiya a 1994. Gasar na Afirka ta Kudu. Janar Sani Abacha ya ɓata da Nelson Mandela a kan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa a Nuwamba 1995, sai ya hana 'yan wasa tafiya. CAF ta dakatar da Najeriya, ba a gan ta a gasar Burkina Faso ta 1998 ba. Najeriyar da ta ɗauko zinaren Olimfik a Atlanta a 1996, da su Kanu da Okocha. Wane ne ya kai ta girma a Afirka a wancan lokaci? To mai cewa ba a taɓa manya, ga amsa ɗaya.

Sai dai ni a ganina wannan kwatance yana ɗingishi. Abacha ya janye ƙungiya don fushin siyasa, ba wanda ya ji ciwo. Gwamnatin Togo ta janye 'ya'yanta ne bayan an yi musu ruwan harsashi a ƙasar mai masauki. Uban da aka harbi ɗansa a gidan biki ya ce sauran su taso a tafi, wane mai hankali zai ce ya yi shisshigi? Doka ta faɗi abin da ta faɗa, amma mai riƙe da ita yana da ido. CAF ta fi damuwa da kare gasarta da mai masaukinta, sai ta karanta doka da harafi ta bar ma'ana.

Mutane suka fito titunan Lome suna zanga-zanga. Adebayor ya fito fili ya ce lokaci ya yi da Hayatou zai sauka, a watan Afrilu kuma ya ce ya daina buga wa ƙasa, sai a ƙarshen 2011 ya dawo. Togo ta kai ƙara kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne a ƙasar Suwizalan. Kafin kotu ta yanke, shugaban FIFA Sepp Blatter ya shiga tsakani, aka yi sulhu a Zurich. Ranar 14 ga Mayu 2010 CAF ta ɗage hukuncin. Amma ka san sharaɗin? Sai da hukumar Togo ta amsa cewa ba ta bi ƙa'idar janyewa ba. Wanda aka daka shi ne ya ba da haƙuri.

Ga abin da hukuncin ya so ya ci. An mayar da gasar shekarun da ba sa rabuwa biyu, don haka gasa biyun da ke gaba su ne 2012 da 2013. Ta 2012 Togo ba ta samu shiga ba da ƙafarta. Ta 2013 kuwa, a Afirka ta Kudu, ta doke Aljeriya 2 da 0, ta yi kunnen doki da Tunisiya, ta fita daga rukuni karo na farko a tarihinta. Burkina Faso ce ta tsayar da ita da ƙwallo ɗaya ta Jonathan Pitroipa a ƙarin lokaci. Kofin kuma Najeriya ta ɗauka a hannun Stephen Keshi, mutumin da ya kai Togo gasar duniya ta 2006 aka sallame shi kafin a tafi. Da hukuncin Kabinda ya tsaya, da wannan shekara ba ta cikin tarihin Togo.

To, zuwa nan mai cewa an zalunce mu ya ci gardama. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bari mu dawo gida Kégué.

Ranar 12 ga Oktoba 2007 Mali ta zo Lome. Togo na neman tikitin gasar Gana ta 2008, a nan maƙwabta. Mali ta ci 2 da 0. Ana tashi 'yan kallo suka afka fili. Aka daki Frédéric Kanouté da bel, aka yanki Mamady Sidibé a hannu. Baƙi ne fa, kuma da yawa daga cikinku kuna cin abinci a Bamako da Sikaso, kun san abin da irin wannan ke jawo wa ɗan ƙasa da ke zaune can. Aka hana Togo wasa a gida. Wasanninta na gida suka koma Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. A can ta karɓi Zambiya a 2008, a can ta doke Kamaru 1 da 0 a Maris 2009. Mai son kallo sai ya bi ta Aflawo, ya canza sefa zuwa sidi, ya je ya ga ƙungiyarsa "a gida". Masu sayar da ruwa da abinci a bakin Kégué, da 'yan zemijan da ke jigilar 'yan kallo, su suka biya wannan tara da aljihunsu. A wannan karo ba wanda zai ce girma ko ƙanƙanta ne. Hannunmu ne.

Na biyu ya fi ban kunya, kuma wata huɗu kacal bayan duniya ta gama tausaya wa Togo. Ranar 7 ga Satumba 2010 wata ƙungiya sanye da rigar Togo ta buga da Baharen a can ƙasar Larabawa, aka ci ta 3 da 0. Kocin Baharen ya yi mamakin yadda mutanen ba su da numfashin minti 90. Da aka tambayi Lome, hukumar ta ce ita ba ta aika kowa ba, 'yan wasanta na gaskiya ba su daɗe da gama wasa a Botswana ba. Ashe jabu ne, kamar yadda ake cusa maka atamfa 'yar kwaikwayo a tsakiyar dila. Bincike ya kai ga tsohon kocin ƙasa Tchanilé Bana, aka dakatar da shi shekara uku. Daga baya aka gano hannun wani ɗan Singafo mai sayen wasanni don caca, Wilson Raj Perumal, wanda aka kama a Finland a 2011.

Na uku shi ne wanda har yau ake musu a kansa a rumfunan shayi. Ranar 9 ga Yuni 2013 Togo ta doke Kamaru 2 da 0 a Kégué, a neman zuwa gasar duniya ta Barazil. Aka kwana ana murna. Kafin wata ya cika FIFA ta soke sakamakon, ta ba Kamaru 3 da 0. Dalili: Alaixys Romao ya buga, alhali yana da katin gargaɗi biyu, wanda ke nufin dole ya huta wasa ɗaya. Nan take aka ce ai ga shi, ƙasar Hayatou ce. Amma wannan hukuncin FIFA ne ba na CAF ba, kuma a wannan zagayen an ƙwace wa Habasha maki uku a kan laifi iri ɗaya. A 2017 ma ya faɗa kan Najeriya: Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, ya buga da Aljeriya yana da kati biyu, aka mayar da 1 da 1 ya koma 3 da 0. Bambancin kawai, Najeriya ta riga ta samu tikitin Rasha, hukuncin bai rage ta da komai ba. Mai garke ɗari in kura ta ɗauki ɗan maraƙi zai yi tsaki ya wuce. Mai saniya biyu kuwa ya shiga uku.

Ƙirga kati ba aikin boka ba ne. Littafi ne da alƙalami. Kai da ke kora shanu daga Dapaong zuwa kudu, ka san in takardar allurar dabba ba ta cika ba, ƙoshin shanunka ba zai cece ka a shinge ba. Mai kaya ya san in takardar duwan ta samu matsala a Cinkassé, mota za ta kwana. Wani ma'aikaci ne a ofis bai duba littafinsa ba, gumin mutum goma sha ɗaya ya tafi a banza.

Akwai kuma maganar ɗauko 'yan wasa, wadda 'yan kallo ke yawan cewa manya na yi ba a magana. Nan ma Togo tana da nata tarihin. A 2003, ƙarƙashin koci ɗan Barazil Antonio Dumas, aka ɗebo 'yan Barazil aka ba su takardar zama 'yan ƙasa, aka sa musu riga don neman gasar 2004. Ba su kai Togo ko'ina ba, Kenya ce ta wuce daga rukunin. Amma abin ya ja hankalin duniya, musamman da Katar ta nemi yin haka da Aílton, ɗan Barazil mai zura ƙwallaye a Jamus. A 2004 FIFA ta ɗaure ƙofa: sai an haife ka a ƙasar, ko iyayenka ko kakanninka, ko ka zauna a cikinta shekara biyu. A 2008 aka mayar da shi shekara biyar. Abin lura, ƙungiyar da ta kai Togo gasar duniya ba ta haya ba ce. Ƙwallo ɗaya tilo da Togo ta ci a Jamus a 2006, a ragar Koriya ta Kudu, Mohamed Kader ne ya ci ta, ɗan Sokodé.

Shin ke nan girma ba ya aiki? Yana yi, sai dai ba a inda ake nuna shi da yatsa ba. Dubi 2015. Maroko ta ƙi karɓar gasar saboda tsoron cutar Ebola. CAF ta yi mata fiye da abin da ta yi wa Togo: dakatarwar gasa biyu, tarar dala miliyan ɗaya, da diyyar yuro miliyan takwas. Maroko ta tafi Lausanne da lauyoyinta. Cikin wata biyu kotu ta soke dakatarwar, ta mayar da tarar dala 50,000. Ba roƙo, ba mai shiga tsakani, shari'a ta ci. Sannan wa ya karɓi gasar? Ekwatoriyal Gini, ƙasa ƙarama ƙwarai amma mai man fetur, wadda CAF ɗin da kanta ta kora daga wasannin neman gurbi a 2014 saboda ta sa ɗan wasan da bai cancanta ba, Thierry Fidjeu haifaffen Kamaru. Wadda aka kora ta taga ta dawo ta ƙofar gaba a matsayin mai gida, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. A wasan ne 'yan kallonta suka yi wa 'yan Gana ruwan kwalabe a Malabo har aka tsayar da wasa. Tarar dala 100,000 aka ci ta, ta buga wasan neman na uku a gida da 'yan kallonta. Ka auna wannan da Togo da aka kora zuwa Akra. Girman a nan ba na yawan jama'a ba ne ko yawan kofi. Wa ke iya fitar da hukuma daga kunya, shi ne babba.

Masu kallon ƙwallon Turai a gidajen kallo sun san irinsa. An taɓa manya: a 2006 aka jefa Juventus rukuni na biyu a Italiya, aka ƙwace mata kofi biyu. Amma Manchester City, da hukumar Turai ta dakatar shekara biyu a Fabrairu 2020, kotun Lausanne ɗin nan ta wanke ta daga dakatarwar a watan Yuli, tarar yuro miliyan 30 ta koma 10. Everton kuwa an zabge mata maki 10 a Nuwamba 2023, daga baya aka rage zuwa 6, alhali tuhuma sama da 100 da aka yi wa City tun Fabrairun shekarar ba a ma fara sauraronta ba a lokacin. Sandar ɗaya ce. Wani yana da mai tare masa, wani da ƙeyarsa yake karɓa.

Kuma kada ƙanƙanta ta zama bargon da hukumar gida za ta riƙa lulluɓa da shi. Kulob ɗin Togo sun taɓa tsayawa da manyan Afirka: Étoile Filante ta Lome ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun nahiya a 1968, Agaza ta kai na kofin masu kofi a 1983. Ƙasar ba ta fi haka girma ba a lokacin.

Hayatou ya sauka a Maris 2017, bayan shekara 29, da Ahmad Ahmad na Madagaska ya kayar da shi a zaɓe a Addis Ababa. Ya rasu a Paris a Agusta 2024, Allah ya jiƙan musulmi. Shi kuwa Kodjovi Obilalé, wanda a ranar harin yake tsaron gida a wani ƙaramin kulob na garin Pontivy a Faransa, sai a Janairu 2020 CAF ta kira shi bikinta a Hurghada ta Masar ta miƙa masa lambar girmamawa ta musamman, shekara goma cif bayan Kabinda.